Littafin Girkin Mama

SHAFI NA 17

Masu turo min saƙo cewa za su fice daga zaure in ban saki shafi ba, na gani, kuma har yanzu ban ga wadda ta fita ba. Wannan shafin da ƙyar ya rubutu. Duk wadda take kan girki ta sauke tukunna kafin ta karanta.

*

Tukunya ta tara ke nan na sauke.

Na zuba miyar a ƙaramin kwano, na ɗora a tire da 'yar shinkafa, na nufi ɗakin Baba ina addu'a a ciki. Kwana goma sha biyu da dawo da shi daga asibiti, ɓarin jikinsa na dama a shanye, baki ba magana, kuma ban da ruwa da kurɓin shayi babu abin da ya wuce maƙogwaronsa. Da an kawo abinci sai ya ɗaga hannun hagu ya nuna wajen kicin. Mu muka fassara da kanmu: miyar kifin Mama yake so.

Mama kuwa sati huɗu ke nan tana ƙasa, kuma Baba bai sani ba. Yana kwance a asibiti bai san inda kansa yake ba lokacin da zuciyarta ta tsaya. Likita ya ce kada a girgiza shi, Yayana kuma ya yanke hukunci a ce masa ta tafi wajen ƙanwarta jinyar ƙafa.

Na zauna a bakin gado, na hura cokalin.

"Baba, ga ta. Yau kam ta yi, wallahi."

Bai buɗe baki ba. Hanci kawai ya ja, sau ɗaya, ya juya fuska bango.

"Don Allah, Baba. Cokali ɗaya. Rabi ma na yarda."

Hannun hagun ya tashi yana rawa, ya sake nuna ƙofa.

"Daga can na kawo ta ai! Miyar Mama ce, daga littafinta na yi!"

Hawaye ya gangaro masa ya shige kunne. Ni ma nawa suka zo.

Nas ɗin da ke zuwa duba shi kullum tana naɗe abin awon jini. Ta yafito ni waje da ido.

"'Yar uwa, ba zan ɓoye miki ba. Jikin nan ya fara cin kansa."

"Ki ba ni gobe."

"Jiya ma haka kika ce. Ƙarfe biyar zan dawo da mota. In bai ci komai ba, asibiti za mu koma a saka masa roba ta hanci."

"Sau biyu yana fizge ta fa. Kin ga jinin da idonki."

"Shi ya sa wannan karon ɗaure hannun za a yi a jikin gado."

Na tsaya ina kallonta. Hannun hagun nan shi kaɗai ya rage wa Baba. Da shi yake magana, da shi yake shafa kaina. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana kafinta, rabin kujerun unguwar nan shi ya yi su, shi za a ɗaure da tsumma.

Ta dafa kafaɗata ta wuce. Agogon falo ya nuna sha ɗaya da rabi.

*

A kicin na tarar da Gwaggo, yayar Baba, zaune a kan kujerar tsugunno tana tsince shinkafar da babu mai ci. Jiya ta iso, kuma tun da ta iso ba ta yi wa kowa murmushi ba.

Na dire tiren, kwanon ya yi tsalle.

"Ya ƙi?"

"Ya ƙi."

Sai ga Yaya ya faɗo da makullin mota a hannu, daga aiki ya zaro jiki. Ya leƙa kwanon, ya ja tsaki.

"Ke dai anya? Shekara talatin da ɗaya kina cikin gidan nan, miya ɗaya ta gagare ki?"

Na juyo na fuskance shi.

"Ga tukunya can, Yaya. Ga wuta. Bismillah."

"Ni ne macen?"

"To ka yi min shiru! Kullum ka zo ka leƙa kwano ka yi tsaki ka tafi. Ka taɓa ba shi ko ruwa?"

"Ni kike ɗaga wa murya?"

"Kai ɗin! Ka manta Mama kulle ƙofar nan take yi duk ranar da za ta yi miyar? Ka manta sau nawa na yi kuka a bakin ƙofa ina roƙon ta bar ni in gani? Ta ce sai na girma. Na girma, ta ce sai na yi aure. Na yi, na fito, na dawo, ta ce akwai lokaci. Ga lokacin nan!"

Na jawo littafin daga kan firij na buga a tebur. Tsohon littafin makaranta ne mai bango kore, duk ya sha mai, Mama ta cika shi da rubutunta mai karkata.

"Abin da ta bar min ke nan. Na bi shi layi-layi sau tara."

Gwaggo ta ajiye faranti.

"Karanto min."

"Gwaggo, ba ni da ƙarfin..."

"Na ce ki karanto min."

Na buɗe shafin. Ko ban duba ba na haddace.

"Kifi manya biyu. Albasa huɗu. Tumatir shida. Citta, tafarnuwa, barkono. Lemon tsami ɗaya. Mai."

"Sai me?"

"Shi ke nan."

"Buɗe wani shafin. Kowanne."

Na buɗe na dafa-dukan wake.

"Gishiri layi biyu. Mai layi huɗu. Ruwa kofi uku. A sauke in an gama labaran rana a rediyo."

"Wannan layi-layin, na mene ne?"

Na nuna mata ɗan kofin katakon da ke rataye a ƙusa. Baba ya sassaƙa shi tun ina jaririya, ya ja masa layuka a ciki. Da shi Mama take awon komai.

"To ki gaya min," in ji Gwaggo, "matar da ta auna gishirin wake, ta auna ruwan shayi, me ya hana ta rubuta awon miyar da aka fi saninta da ita?"

"Sirri ne mana. Ba ta son a kwaikwaya."

Gwaggo ta yi wata dariya mara daɗin ji.

"Sirri kam sirri ne. Wannan shafin ba girki ba ne, 'yar nan. Cefane ne. Abin da ake aikenta ta sayo a kasuwa ta rubuta."

Yaya ya juyo.

"Wa ke aikenta?"

Gwaggo ta ɗaga kai ta dubi rufi, leɓenta yana motsi. Ta daɗe a haka.

"Allah ka gani, na riƙe amana iya riƙewa. Wadda na yi wa alkawari ta tafi, wanda aka yi dominsa kuma yana shirin bin ta."

Ta dube mu.

"Uwarku ba ta taɓa dafa miyar nan ba. Ko sau ɗaya."

*

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

"Gwaggo, ki daina irin wannan wasan," in ji Yaya.

"Na yi kama da mai wasa? Ke, bayan haihuwarki zazzaɓi ya kwantar da ita wata guda. Ta tashi, amma hanci da harshe ba su tashi da ita ba. Zuma da toka duk ɗaya suke a bakinta. Shekara talatin da ɗaya uwarku ba ta ji ɗanɗanon komai ba."

"Ƙarya ne!" na ce. "Mama da kowa ke yabon hannunta?"

"Hannun ubanku ake yabo."

Gwaggo ta gyara zama. Famfo yana ɗiga a cikin roba.

"Miyar nan ta kakarku ce, uwarmu. Da idonta ya fara mutuwa ni ina makarantar kwana, shi ne yake zama kusa da murhu yana yi mata ido. A nan ya ɗauke ta. Ni ko kusa ban iya ba. Da abin ya sami uwarku, ta zuba gishiri a abinci har sau uku a rana ɗaya, baƙi suka tashi ba su ci ba. Ta shige ɗaki ta haɗa kayanta, ta ce ba za ta zauna ta zama abin dariya ba. Shi ne ya kwance kayan da hannunsa. Washegari ya sassaƙa mata kofin can."

Ta nuna 'yar ƙofar da ke bayan buhun gawayi, wadda ta ɓulla shagon Baba.

"Wannan ƙofar, da ita aka gina gidan?"

Yaya ya ce, "Don a riƙa miƙa masa shayi aka fasa ta."

"Haka aka ce muku. In ta kulle ta gaba, sai ya ƙure rediyo a shago ya shigo ta baya. Ita ta yanka albasa, shi ya yi girki. Ta sa shi ya rantse ko ku ba za ku ji ba. Ta ce gara a ce ta mutu da a ce mijinta ne ke yi mata miya."

Abubuwa suka riƙa dawo min ɗaya bayan ɗaya, kowanne da zafinsa.

Ranar da Mama ta shanye kofin madarar da ta lalace ba ta ko yamutsa fuska ba, muka yi ta dariya, ita ma ta taya mu. Ranar da gas ya cika gidan nan tana zaune tana guga. Da yadda kullum take miƙo min ludayi ta ce, "Ɗanɗana min, in ga ko harshenki ya fara wayo." Ni kuwa ina ta jin kai, wai koya min ake yi.

Ashe tambayata take yi. Ashe da gaske ba ta sani ba.

Ranar da na fara girki a gidan nan ina 'yar shekara goma sha biyu, ta cinye kwanon tas, ta ce ba ta taɓa cin mai daɗi irinsa ba. Shekara goma sha tara ina ɗauke da maganar nan a zuciyata ina jin daɗi.

Na kifa kai a gwiwa na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka fita da ita.

"Tun jiya kina gidan nan," Yaya ya ce da Gwaggo. "Kina kallo tana ta wahala."

"Ina kallo. Duk daren jiya da rantsuwata nake kokawa. Kai da ka iya yanke hukunci a minti ɗaya ba za ka gane ba."

Na ɗago.

"To me yake nunawa? In ba miyar Mama yake nema ba, me yake so a kicin?"

"Shiga yake son yi. Kwana goma sha biyu mutum yana roƙon a kai shi ɗakin girkinsa, ku kuna ta kai masa kwano."

*

Na miƙe na nufi keken guragun da ke jingine a falo. Yaya ya tare ƙofa.

"Ina za ki?"

"Matsa."

"Ba za ki shigo da shi nan ba. Ki duba wurin nan da kyau. Ina zaninta na girki? Ina silifas ɗinta? Ki dubi na'a-na'ar da ke taga, ta bushe ƙurmus. Yana shigowa zai gane."

"Ƙaryar da ka ƙulla ce, kai ka san yadda za ka yi da ita," in ji Gwaggo.

"Likita ne ya ce! In ya ji, jijiya ta biyu ta fashe, wa zai ɗauka? Ke, Gwaggo? Ko ita?"

Gaskiya ya faɗa. Ni kaina tsoron nan ne yake hana ni barci.

"Yaya," na ce, "ƙarfe biyar za su ɗaure masa hannu."

Ya dube ni, ya dubi agogo. Idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ya cire tukunyar na'a-na'ar daga taga ya fita da ita bayan gida, ya dawo, ya karɓi keken daga hannuna.

Shi ya ɗauki Baba daga gado. Na ga fuskarsa lokacin da ya ji rashin nauyin.

Muna tura keken Baba ya fara wani irin numfashi da sauri-sauri. Da muka tsallake dokin ƙofar kicin sai ya lumshe ido. Ya miƙa hannun hagu ya shafa gefen tebur, ya shafa ƙusar da kofin ke rataye, ya tsaya a kan 'yar ƙofar baya yana kallo.

Na durƙusa a gabansa.

"Baba, Gwaggo ta gaya mana. Ka yafe mata. Ka koya min."

Ya dubi yayarsa. Ta sunkuyar da kai kamar yarinya. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya buga hannun keken sau ɗaya.

Haka muka yi magana. Bugu ɗaya, e. Bugu biyu, a'a.

Na ɗauko kifi daga firij, na datse kawunan zan watsa a shara kamar yadda na yi sau tara.

Bugu biyu. Da ƙarfi.

"Kawunan? A bar su?"

Bugu ɗaya. Ya nuna kasko. Na soya su har suka bushe ƙayau, ya nuna turmi, na daka su suka zama gari.

Na ɗauki albasa zan ɓare.

Bugu biyu.

Ya nuna wuta. Ban gane ba. Ya sake nunawa, ya yi gurnani, jijiyar wuyansa ta miƙe. Gwaggo ta ce, "Da ɓawonta! Na tuna, uwarmu cikin garwashi take cusa ta!" Na ɗora albasa huɗu a kan wutar gas tsirara har suka yi baƙi ƙirin. Da na murje ɓawon, cikin ya yi laushi, ya yi zaƙi.

Citta ba a markaɗa ta, ƙwanƙwasa ta ake yi a jefa, a tsamo daga baya. Tumatir sai mai ya fara hayaƙi. Ruwa kuwa sau uku ake zuba shi, kaɗan-kaɗan, kuma duk zubawa sai Baba ya karkata kunne ya saurari tukunyar kafin ya buga.

Da aka zo gishiri na miƙa hannu zan ciro kofin katako.

Ya riƙe min hannu. Ya girgiza kai. Ya nuna robar gishirin, na kawo masa. Ya tsoma yatsu uku, Yaya ya matsa da keken har bakin murhu, ya barbaɗa da kansa. Rabi ya zube a ƙasa saboda rawar hannu. Ya sake ɗiba.

Lemon tsamin da nake matsewa tun sati biyu ashe ba ruwansa ake so ba. Ɓawon ake kankarewa bayan an kashe wuta, a rufe tukunya da tawul, a jira.

Muka jira.

Ƙarfe huɗu da kwata ya buga sau ɗaya. Na ɗaga murfin.

Wayyo Allah.

Gidanmu ne ya dawo. Ranar hutu ce, an yi wanki, Mama tana ƙwala mana kira mu zo mu wanke hannu. Yaya, ƙato da gemunsa, ya toshe baki ya fita bayan gida, ina jin sautinsa ta taga. Gwaggo ta ja mayafi ta rufe fuska tana kiran sunan uwarsu.

Ni ban tsaya kuka ba, agogo nake kallo. Na zuba shinkafa, na zuba miya, na murƙushe tsokar kifin da bayan cokali yadda zai iya haɗiya.

"Baba, bismillah. Taka ce. Hannunka ne."

Ya ja ƙamshin. Gefen bakinsa mai rai ya ɗaga, karo na farko tun ranar da ya faɗi.

Na kai cokalin.

Ya rufe baki.

"Baba?"

Ya ture cokalin a hankali. Ya jawo kwanon da yatsu, yana jan sa a kan tebur kaɗan-kaɗan, har ya kai shi gaban kujerar da ke kusa da taga. Ya gyara masa zama. Ya juya cokalin ya fuskanci kujerar.

Kujerar Mama ce.

Sai a lokacin na tuna. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin Baba ya kai loma baki ba sai Mama ta fara. Yakan zauna yana kallonta, ta ci, ta ce, "Ta yi daɗi," shi kuma ya ce, "Hannunki ne," sannan ya ja kwanonsa. Mu muna dariya muna cewa tsofaffi da soyayya.

Ba miya yake jira ba duk kwanakin nan. Girka mata yake son yi, ta dawo ta ci.

Yaya ya shigo yana goge fuska, ya ga kwanon a gaban kujerar, ya tsaya cak.

"Baba, ai ka san tana wajen ƙanwarta," ya ce da sauri. "Ƙafar ce har yanzu. Ka ci, za mu ajiye mata nata."

Bugu biyu.

"Wallahi za mu..."

Bugu biyu. Kofin shayin da ke tebur ya yi ƙara.

Maƙogwaron Baba ya fara motsi. Leɓensa ya karkace, yawu ya zubo, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Wata guda da kwanaki ba mu ji muryarsa ba.

"U... Uwa... ta."

Haka yake kirana tun ina goyo.

"Na'am, Baba. Ga ni."

Yaya yana bayan keken yana girgiza min kai, idonsa kamar zai faɗo. Gwaggo ta sauke mayafi tana kallona.

Baba ya damƙi wuyan hannuna. Ban san akwai sauran ƙarfi irin wannan a jikinsa ba.

"Ke... ba kya... ƙarya."

Ya ja numfashi.

"Ina... take?"